Muna son gina ƙofar gari mai zane da kuɗin karo-karo, ta ina za mu fara?

Tambaya: Sakataren ƙungiyar ci gaban wani ƙaramin gari a masarautar Argungu ne ya rubuto. Ya ce matasansu suna son gina ƙofar gari mai zanen gargajiya a bakin hanyar shigowa, wadda baƙo zai gani ya san ya iso. Babu kuɗi a asusu, sai niyya da 'yan gari da ke zaune a birane. Yana son ya san ko da taron gidauniya ake farawa, nawa ya kamata a nema, da yadda za su tsira daga abin da ya samu wasu garuruwa, inda aka tara kuɗi amma ginin ya tsaya da rodi a sama shekara da shekaru.

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya. Kada ku fara da taron gidauniya. Kada ma ku karɓi ko sisin kowa sai kun riƙe takardu uku a hannu: izinin wurin, zanen ginin da injiniya ya sa wa hannu, da lissafin kayan da aikin zai ci. Yawancin ƙofofin da kake gani sun tsaya rabi, ba rowar mutanen gari ce ta tsayar da su ba. An yi taro ne an ambaci miliyoyi a lasifika, aka auna girman gini da abin da aka ji, alhali abin da ya shigo hannu bai kai can ba. Ku auna gininku da kuɗin da ke cikin asusu, ku kuma bari kowa ya riƙa ganin lissafi da idonsa tun daga ranar farko.

Kafin takardu ma akwai tambayar da dattawa za su yi muku, gara ku shirya mata. Za a ce garin da famfonsa ya lalace, ko rufin makarantarsa ke yoyo, me zai yi da ƙofa mai ado? Tambaya ce mai nauyi, kada ku ɗauke ta hassada. Idan akwai matsalar ruwa ko ta asibiti da ta fi damun jama'a, ku fara da ita, ko ku yanke a rubuce cewa kaso kaza na abin da aka tara zai tafi can. Amma kuma ado ba wasa ba ne a ƙasar Kabi. Gidan da Sarki Yakubu Nabame ya gina a Argungu, wanda ya zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, har gobe baƙi na zuwa kallonsa, kuma maginanmu na da ba su taɓa raba ƙarfin gini da kyansa ba. Ƙofa mai kyau tana koya wa yara cewa garinsu yana da suna da tarihi, tana kuma ba magina da masu zane na gida aiki da abin nunawa.

Maganar izini tana farawa daga gidan sarauta. Ku bi ta kan mai unguwa zuwa hakimi zuwa uban ƙasa, shi ne zai san ko maganar tana bukatar kaiwa fadar Mai Martaba. Sannan ku gano hanyar ta wace ce. Idan ta tarayya ce, ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ke Birnin Kebbi ne zai ce e ko a'a, kuma yardar shugaban ƙaramar hukuma ba ta maye gurbin wannan. Idan ta jiha ce, sai ma'aikatar ayyuka ta jiha da hukumar tsara birane. Idan ta ƙaramar hukuma ce, sashen ayyukanta. Ku tambaye su a fili ko akwai shirin faɗaɗa hanyar, domin ƙofar da aka gina a cikin haƙƙin hanya ranar da katafila ta zo ba a biyan diyyarta. Idan ƙafar ginin za ta shiga gonar wani ko fegin gado, a rubuta kyautar ko cinikin, magada duka su sa hannu a gaban hakimi da liman. Ku ɗaga kai kuma ku dubi wayar wuta. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna Electric ne ke kula da layukan Kebbi da Zamfara, su za su faɗa muku tazarar da za a bari. Rodi mai tsawon mita 12 a hannun lebura a ƙarƙashin babbar waya yana kashe mutum ko bai taɓa ta sosai ba.

Yanzu siffar ginin. Shawararmu ga ƙaramin gari ita ce ku bar maganar ƙofar da ke da gada a sama tana ƙetare titi. Wannan gadar ita ce mai cin kuɗi, ita ce kuma mai hatsari. Faɗin titi da kafaɗunsa da magudanar ruwa yakan kai mita goma ko fiye, kuma jefa kankare mai wannan tsawo a sama aiki ne na injiniya sosai, ga katako da sandunan tokara da za su toshe hanya makonni. Ga kuma manyan motocinmu da ake labta wa buhunan albasa ko shinkafa har su zarce kan mota, mutane kuma su hau saman kayan. Idan dole sai an yi ta, kada sararin da ke ƙarƙashinta ya gaza mita 6, kuma a tuna duk lokacin da aka sake shimfiɗa kwalta titi yana ƙara tudu. Abin da ya fi dacewa da aljihun jama'a shi ne hasumiya biyu, ɗaya a kowane gefe, masu zankwaye a sama, kowace da ɗan gajeren bango a gefenta wanda zai ɗauki sunan gari da zane. Tana ba da kwarjinin ƙofa, ba ta tare mota, kuma ko hasumiya ɗaya aka gama ana iya tsayawa ba tare da abin ya yi muni ba.

Ga kiyasin da za ku fara tunani da shi, kafin injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya duba ƙasar wurin ya ba da na ƙarshe. A ɗauka kowace hasumiya tana da faɗin mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, tsawo mita biyar. Kewayenta mita 6 ne, bangonta ya zama murabba'in mita 30, kuma bulo mai inci tara guda goma ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Biyun za su ci bulo wajen 650 har da na fashewa. Kankaren tushe da ginshiƙai huɗu-huɗu na kusurwa da ɗamara biyu da murfin sama zai kai kimanin kubik mita bakwai. A kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowane kubik yana cin buhu shida zuwa shida da rabi, wato wajen buhu 45. Ɗora bulo zai ci 13, filasta ta farko 6, filastar zane 12. Ka ga an tasam ma buhu 80. Rodi mai milimita 12 wajen sanda 40, mai milimita 8 na zobe wajen 24. Ba a sa gajerun bangayen gefe ba, ba a sa yashi da tsakuwa da ruwa da katako da fenti da ladan ma'aikata ba. A kan jimillar a ƙara kashi 15 cikin ɗari na abin da ka iya tasowa, da wani kashi 10 da za a ajiye don gyara bayan an gama.

Ba mu kawo farashi da naira ba da gangan. Farashin siminti da rodi yana iya canzawa tsakanin Juma'a da Juma'a, don haka ku rubuta bukatarku da kaya, kuma da kaya za ku roƙa. Idan ka ce wa mutum ana neman miliyoyi, sai ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya yi shiru. Idan ka ce ana neman buhu 80, an samu 31, saura 49, ɗan kasuwa zai ce a rubuta masa biyar, ƙungiyar 'yan kabu-kabu ta ɗauki uku, mata masu adashi su haɗa ɗaya. Mai tifa ya ba da lodin yashi, mai injin ban ruwa ya ɗauki nauyin ruwa, matasa su yi gayyar haƙa tushe. Kowace irin wannan gudummawa a ba ta rasit a ƙiyasta kuɗinta, domin wanda ya ba da ƙarfinsa kwana uku bai gaza wanda ya turo kuɗi ta waya ba, kuma rashin ambatonsa yana sa shi janye jiki.

Sai dai siminti ba ya son ajiya. Bayan wata uku ƙarfinsa yana fara raguwa, idan ya sha danshi kuwa sai ya dunƙule. Wanda ya yi alkawarin siminti ya biya a shagon dila a karɓi takarda mai nuna adadin buhu, a riƙa ɗauka lokacin bukata. Kuɗin da suka fara shigowa a saka su a rodi da tsakuwa da bulo, waɗanda ba sa lalacewa da wuri. Rodin a ɗora shi kan katako a rufe, a ƙirga sanda-sanda a gaban mutum biyu duk lokacin da za a ɗiba.

Batun riƙon kuɗi shi ne zuciyar aikin. Kada a yi amfani da asusun mutum ɗaya, ko da liman ne, ko da shi ne mafi gaskiya a gari. Ba don zai ci ba. Mutum yana rasuwa kuɗin su shiga lissafin gado, yana iya faɗawa hannun 'yan damfarar waya, kuma ko bai taɓa komai ba, bakin mutane ba zai bar shi ba. Ku yi wa ƙungiya rajista a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ku tambayi banki takardun da yake so. Wasu bankunan ba sa buɗe asusun ƙungiya sai da rajistar amintattu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, rajistar da ke bukatar sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sai kuma takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai hana halatta kuɗin haram. Wannan yana cin lokaci, shi ya sa ake fara shi tun ana neman izini. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan Jaiz da TAJ. A sa masu sa hannu uku daga unguwanni daban-daban, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa hannu, kuma saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar wani mutum na huɗu wanda ba ya sa hannu. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai sayen kaya daban. Kada ma'aji ya zama ƙanen shugaba, kada mai sayar muku da siminti ya zauna a kwamiti.

A buga littattafan rasit masu lamba a jere, masu kwafi biyu. A rubuta wane ya karɓi littafi daga lamba kaza zuwa kaza, ya dawo da shi duk mako tare da kuɗin, a kai banki a ranar. Wanda ya turo hoton shaidar tura kuɗi ta WhatsApp a gode masa, amma ba a rubuta shi cikin waɗanda suka biya sai kuɗin ya bayyana a bayanin banki, domin shaidar bogi ta yi yawa, wani lokacin kuma kuɗin ne ke komawa ga mai shi bai sani ba. Sannan a samu allo babba a ƙofar hakimi ko kusa da masallacin Juma'a a rubuta abu huɗu da alli: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage, abin da ake nema. A sabunta shi duk Alhamis, a ɗauki hotonsa a tura wa 'yan gari na nesa. Gani ya kori ji. Garin da ake ganin wannan allo mutanensa sukan ba da gudummawa karo na biyu da na uku ba tare da an bi su ba.

Akwai wani abu da halin da muke ciki ya tilasta. A wasu sassan Kebbi da yawancin Zamfara, ambaton cewa Alhaji wane ya ba da kuɗi kaza a lasifika tamkar nuna shi ne ga masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. Ku ba kowa zaɓi tun farko: a faɗi sunansa, ko a rubuta lambar rasit ɗinsa kawai. Mai lambar zai duba allo ya ga kuɗinsa sun shiga, wani kuwa ba zai san shi ba ne. Kada a ajiye tsabar kuɗi a gidan ma'aji ko dare ɗaya, kada kuma a sanar da ranar da za a kai kuɗi banki.

Lokacin roƙo yana da tasiri. Manomi yana da abin bayarwa da kaka, bayan an yanke gero da dawa da shinkafar damina, da kuma lokacin da shinkafar rani da albasa suka iso. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuɗin taki, ba lokacin zuwa ƙofar kowa ba ne. A karɓi hatsi daga wanda ba shi da kuɗi. A ƙaddara magidanta 400 suka ba da kwano bibbiyu, an samu kwano 800, inda buhu ke cin kwano arba'in buhu ashirin ke nan. A sayar a kasuwa a bainar jama'a da shaidu, kuma kada ɗan kwamiti ya saya. 'Yan gari da ke Legas da Abuja da Kano da Sakkwato, da waɗanda ke ƙetare a Gaya ta Nijar ko Malanbil ta Benin, a naɗa musu wakili ɗaya a kowane gari, amma kuɗi su tafi asusun ƙungiya kai tsaye. Sallah ce lokacin da suke gida, ranar da ta biyo bayan Sallah ta fi kowace dacewa a zauna da su a nuna musu zanen.

Abu biyu ku kiyaye. Kada ku ɗaura igiya a hanya kuna tare motoci, doka ta hana, kuma yana jawo wa gari baƙin jini. Kada kuma a mayar da gudummawa haraji, a ce wanda bai biya ba ba za a je bikinsa ba. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma akwai gidajen zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira da bai kamata ma a ƙwanƙwasa musu ba. Haka nan idan wani attajiri ya ce zai ba da zakkarsa, ku mayar da shi ga malamai. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukuni takwas da ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai ba su sa gine-gine a ciki ba. Sadaka ko kyauta ita ce hanyar wannan aiki.

Taron gidauniya yana zuwa ne bayan duk wannan, kuma mun fi son a yi shi bayan an zuba tushe bulo ya fito sama da ƙasa, da kuɗin mutanen gari. Baƙon da ya ga an fara ya fi sakin hannu. A taƙaita kashe kuɗi a taron: rumfa da kujeru a ara, lasifika a roƙa, ruwa da goro sun isa. An sha yin taron da abin da ya ci ya kusa kai abin da ya tara. A teburin karɓa a raba takarda biyu, ta wanda ya biya nan take da ta wanda ya yi alkawari, kuma lissafin gini a yi shi da ta farkon kaɗai. Masu alkawari a rubuta ranar da suka ce za su cika, a tuntuɓe su cikin mako biyu tun abin bai huce ba, kuma wanda suke jin nauyinsa ne zai je, ba yaro da takarda ba. 'Yan siyasa a gayyace su duka ko a bar su duka. A gaya musu tun kafin su ba da komai cewa ba za a sa hoton kowa ko launin jam'iyya a jikin ƙofa ba. Ƙofar da aka san ta da sunan ɗan takara ɗaya, rabin gari sun fita daga cikinta, kuma ranar da mulki ya juya babu mai kula da ita.

Zanen kansa yana bukatar zama na musamman. Mutum-mutumi da siffar mai rai za su jawo muku rigima da malamai, kuma ba ku bukatarsu, domin adon bangon Hausa yana da yalwa: dagi, takobi, allo, sarƙa, zube-zuben layi da da'ira. Ku ƙara da abin da garinku ya shahara da shi, ko homa da gora irin na masunta, ko jirgin ruwa, ko damin shinkafa, ko kwarya da sandar makiyayi. Bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934 ya sa kowa yana son ya zana giwan ruwa, to ku kai wannan gaban malaman garinku tun yana kan takarda, kada sai an gama a zo ana cewa a kankare. Idan garin ya haɗa Kabawa da Zabarmawa da Arawa da Fulani, kowa ya ga wani abu nasa, ko kuma a tsaya kan abin da ya haɗa kowa. Sunan gari a rubuta shi da boko da ajami, mutum biyu masu ilimi su duba harafi-harafi kafin filasta ta bushe. Ayar Alƙur'ani kuwa mun fi son a bar ta, saboda ƙura da tsuntsaye da masu manna takardu.

Wajen zaɓen mai zane, ku fara da Sarkin Magina na yankinku, ku je ku ga aikin da mutum ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Sannan ku biya mutum biyu ko uku su yi gwaji a bangon murabba'in mita ɗaya, a bar shi wata guda a rana. Wanda aka zaɓa a rubuta yarjejeniya da shi: kashi 30 a farko, 30 a tsakiya, 30 idan ya gama, kashi 10 a riƙe sai damina ɗaya ta wuce a kan aikin. Kada ku matse shi a farashi da sunan aikin gari ne. Mai zanen da aka ƙwara a farashi yakan rama a kan siminti da lokaci. A sa masa sharaɗin ɗaukar yaran gari biyu su koya, su ne za su riƙa gyara nan gaba, kuma a rubuta sunansa a allon buɗewa.

Wasu za su ce a yi da ƙasa irin na kakanni, tubali da azara da makuba da laso. Yana da kyau ƙwarai, amma ginin ƙasa yana son yaɓe akai-akai, masu haɗa laso da katsi da gashin jima sun yi ƙaranci, kuma girgizar manyan motoci da fantsamar ruwan titi ba sa raga masa. A bakin hanya ku yi bulo da kankare, ku ɗauko siffar gargajiya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne shafa siminti kan bangon ƙasa, domin ba sa kama juna, ruwa yana shiga tsakani ya ci ƙasar a ɓoye har ɓawon ya zubo gaba ɗaya.

Ga inda aikin yakan lalace. Na farko tushe. Ƙasar fadama mai laka tana kumbura da damina ta tsage da rani, don haka a haƙa har a wuce ta a tarar da ƙasa mai tauri, kada a tsaya a inda leburori suka gaji. Hasumiya mai tsawon mita biyar tana karɓar iskar farkon damina gaba da gaba, ginshiƙan kusurwa da ɗamara ne ke riƙe ta, kada a rage rodinsu don a yi tsimi. Na biyu ban ruwa. Kankare yana bukatar danshi aƙalla kwana bakwai, ba ya kuma cika ƙarfinsa sai kwana 28. Hunturu da zafin bazara suna shanye ruwan filasta kafin ta kama, sai ka ga tsaga kamar saƙar gizo. A rufe da buhun algarara jiƙaƙƙe, a zuba ruwa safe da yamma, kuma a ba mutum ɗaya wannan aikin da lada, domin aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Na uku zanen da ya fito waje. A karce filastar farko tun tana ɗanya don ta biyu ta samu abin kamawa, duk inda tudun zane ya wuce santimita biyu a kafa ƙusoshi da ragar waya a ciki, kuma yashin ya zama tankaɗaɗɗe marar laka, awo huɗu ga awon siminti ɗaya.

Fenti kuma shi ne inda gaggawar ranar buɗewa ke ɓata komai. Sabuwar filasta a bar ta mako huɗu kafin a shafa mata komai, in ba haka ba gishirin siminti zai ci launin, fentin mai kuwa ya kumbura ya ɓare. A yi shafen farko na share fage, sannan shafe biyu na fentin waje, kada a tsinka shi da ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin bokiti. Ja mai haske da shuɗi na araha su ne ke fara koɗewa a ranarmu. Launukan ƙasa, jan ƙasa da ruwan ɗorawa da ruwan makuba, sun fi jurewa, kuma ana iya zuba garin launi cikin filastar kanta, kimanin kilo biyu da rabi a buhun siminti, kada ya wuce kilo biyar don kada ya raunana ta. A auna da sikeli kowane kwaɓi, idan aka yi da ido bango zai fito dabbare-dabbare. A shimfiɗa leda mai kauri a kan tushe kafin bulo ya hau don hana danshi tasowa, ƙasan bangon kamar kamu biyu a yi shi da dutse ko launi mai duhu, saman kuma a yi masa murfi mai ɗan fitowa da tsagi a ƙarƙashi da indararo, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi fuskar zane ya bar baƙin layi. A gaban kowace hasumiya a kafa gajerun turakun kankare masu fenti mai ƙyalli, kuma a ja ginin baya yadda ba zai rufe wa direba ganin mai fitowa daga lungu ba.

Idan za ku tsara kalanda, neman izini da rajista da zane a yi su cikin damina, roƙo ya kankama da kaka, gini daga Nuwamba zuwa Fabrairu, filasta da zane su biyo baya, fenti a gama kafin hadarin farko. Kada a sa ranar buɗewa sai fenti ya bushe.

Ranar buɗewa, kafin jawabin kowa, mai binciken kuɗi wanda ba ɗan kwamiti ba, ko malamin makaranta ko tsohon ma'aikacin baitulmali, ya karanta lissafi daga farko zuwa ƙarshe, a ajiye kwafi a gidan hakimi da ofishin ƙaramar hukuma. Abin da za a yi da rarar kuɗi a yanke shi tun kafin a fara karɓa, a kuma rubuta abin da za a yi idan aikin ya gagara, ko mayarwa ko juyawa zuwa wani aikin da taron gari ya amince. Kashi goman gyara ya zauna a asusu. A danƙa kula da wurin ga ƙungiya ɗaya da sunanta, ta riƙa share ciyawa, ta duba tsaga da indararo bayan kowace damina, ta sabunta fenti duk shekara uku ko huɗu. Ku kuma kafa allon manna sanarwa a ɗan nesa da ƙofar, uban ƙasa ya yi shela cewa can ne wurin fastar zaɓe da tallan magani, domin gam ɗin da ake manna su da shi idan aka zo ɓarewa da fenti yake tafiya.